Yadda Autanmu Ya Zama Nas Tsinke

Autanmu tun yana ƙarami fuskarsa take kamar ta wanda aka yi wa tambaya bai gama jin ta ba. In Umma ta aike shi sayo sabulu, sai ya dawo hannu biyu babu komai, ya ce ya tarar da iri uku, wanne take so? Ni ce babbar yayarsa. Tela ce ni, shagona yana bakin titi kusa da gida, kuma kusan duk abin da ya same shi a rayuwa sai ya zo ya zauna a bencin shagon nan ya juya shi ya sake juyawa kafin ya san me ya same shi.

Aikin jinyar ma, a iya sanina, ba shi ya zaɓa ba. Lokacin da Baba ya kwanta asibiti da ciwon ƙafa, Auta ne ya zauna da shi, don shi kaɗai ne ba ya aikin komai a lokacin. Shi ke juya shi, shi ke goge masa jiki. Wata nas mai yawan surutu ta ga yadda yake ɗaga Baba ba tare da ya sa shi nishi ba, ta ce, "Kai, hannun nan naka na jinya ne, me kake jira?" Auta ya ɗauka umarni ne. Da aka sallami Baba ya je ya nemi makarantar koyon aikin jinya, aka ɗauke shi, ya dawo yana tambayata ko na san abin da ya sa suka ɗauke shi.

A shekararsa ta biyu ne malamarsu ta ilimin magunguna ta shigo aji da wani abu a tafin hannunta. Bai kai girman littafin aljihu ba, fuskarsa gilashi, da wani siririn tsinke na roba da ake zarowa daga gefensa a riƙa taɓa gilashin da shi. Wannan kafin zuwan wayoyin shafa ne, lokacin waya ba ta san komai ba sai kira da saƙo. Malamar ta ce musu 'yar kwamfuta ce. Littafin magunguna gaba ɗayansa yana cikinta, tana lissafa ɗigon ƙarin ruwa, tana kuma yin ƙara ta tuna wa mutum lokacin allura. Ta ce ba dole ba ne, amma wanda ya samu hali zai ji daɗinta in an fara fita asibiti.

Da yamma sai ga shi a benci.

"Yaya, an ce ba dole ba ne."

Na ce, "To madalla, ka huta."

"Amma yadda ta faɗi ba dolen nan, kamar dole ne."

Akwai wani mai shagon kayan lantarki a cikin kasuwa da yake kawo irin na'urorin, sabbi da na hannu. Iri uku ne a cikin akwatin gilashinsa. Ɗaya fuskarta baƙi da fari, tana cin batir irin na rediyo. Ɗaya mai kala, amma sai an yi mata caji kullum. Ta ukun tana da wasu 'yan maɓallai na rubutu ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Auta ya je ya gani, ya dawo. Ya sake zuwa, ya dawo. Ya tambayi 'yan ajinsu, kowa ya yabi tasa ya zagi ta wani. Ya tambayi malamar, ta ce duk ɗaya ne, wannan amsar kuwa ta fi kowace ɗaga masa hankali, don in duk ɗaya ne me ya sa aka yi uku? Sai da ta kai mai shagon yana ajiye masa kujera, in ya hango shi ya ce wa maƙwabtansa, "Ga likitanmu ya zo duba marasa lafiya."

Da abin ya ishe ni, na rufe shago na bi shi. Ina tsaye, yana ɗaukar wannan yana ajiye waccan, mai shago yana maimaita bayanin da ya riga ya haddace, ni kuwa ɗinkin mutane yana jirana. Na ce, "Malam, naɗe masa wadda ke hannunsa." Aka naɗe. Mai baƙi da farin ce. Sai da muka fito titi muna jiran mota ya ce da ni a hankali, "Yaya, ai wannan na ɗauke ta ne don in ce ba ita nake so ba."

A gida muka taru a kanta, ni da Umma da Baba. Ya kunna. Akwai agogo, akwai kalanda, akwai wurin lissafi, akwai wani wasa na tubala. Littafin magunguna babu. Ya duba kwali, ya girgiza takardar bayani ko wani abu zai faɗo. Umma ta ce wataƙila sai ta saba da shi tukuna. Washegari mai shago ya ce masa ai littafin ba ya zuwa da ita, zuba shi ake yi daga babbar kwamfuta ta cikin igiyar da ke kwalin. Mu ba mu da kwamfuta. Ya tafi shagon buga takardu, aka zagaya bayan kwamfutarsu aka duba kowane rami, babu wanda bakin igiyar ya shiga. Mai shagon buga takardun ya ce a sayo wani mahaɗi. Aka sayo, ya shiga kwamfutar amma ya ƙi shiga igiyar. Haka ya yi makonni yana zuwa makaranta da ita a aljihu, abin da take yi masa kawai shi ne gaya masa lokaci, ga kuma agogo ɗaure a hannunsa.

Monitar ajinsu ce ta cece shi. Yarinya ce mai kaifin baki, gajera, a layin gaba take zama, har yau kuma Monita muke ce mata. Tana da irin na'urar. Ta ce masa babu ruwansa da igiya, akwai wani ɗan baƙin ido a goshin kowacce, in aka sa su suna kallon juna sai ɗaya ta tura wa ɗaya abin da ke cikinta. Suka ajiye su a kan tebur goshi da goshi, ta ce kada ya motsa, kada ya yi magana, in tebur ya girgiza sai an sake daga farko. Ya zauna kamar gunki har aka gama. Da ya zo ba ni labari ya ce shi fa bai ga komai ya wuce tsakaninsu ba, amma ga littafi ya shigo.

Sai kuma rubutu. Na'urar ba ta gane rubutun mutane, mutum ne zai koyi nata. Kowane harafi da jan tsinke ɗaya ake yin sa, ba a ɗaga hannu. Wani harafin a cire masa sandar tsakiya, wani a yi shi kamar lamba, wani a fara shi daga ƙasa. Auta ya duƙufa har ya iya, ya iya sosai, har hannunsa ya manta na da. Ya rubuta jarrabawar gwaji, malamar ta kira shi ofis ta ɗaga takardar ta ce, "Wannan da wane yare ka amsa?" Ni ma na ɗanɗana. Wata rana hannuna yana cikin aiki na ce ya rubuta mini awon wata mata. Da na zo yanka na kasa gane wanne ne ƙugu wanne ne tsawo, na kira shi, ya duba ya duba ya ce shi ma da a gilashi ne da ya gane.

Tsinken kuwa bai yi wata biyu ba ya ɓata. Ya sayi wani, ya ɓata. Daga nan ya koma amfani da duk abin da ya samu: murfin biro, ashana, tsinken sakace, har da ƙaramar allurar saƙa da ya ɗauke mini ban sani ba. Kullum za ka gan shi yana laluben aljihu yana cewa, "Wa ya ga tsinkena?" 'Yan ajinsu suka sa masa Tsinke. Sunan ya bi shi asibiti, ya zauna daram, har takardar gayyatar taro an taɓa kawo masa da Nas Tsinke a bayanta.

Da aka fara tura su asibiti koyon aiki, ɗakin yara aka kai shi. Shugabar ɗakin wata Sista ce babba, mai tafiya a hankali da takalmin roba mai ƙara, wadda ɗalibai ke jin tahowarta su gyara tsayuwa. Wata safiya likita ya rubuta wa wata yarinya mai zazzaɓi magani, Sista ta ce Auta ya auna ya kawo ta gani kafin a ba ta. Ya karanta abin da likita ya rubuta. Don ya tabbatar, ya zaro na'ura ya sa sunan maganin da nauyin yarinyar. Abin da ta ba shi bai kai rabin na likita ba. Ya goge ya sake, haka. Ya lissafa da biro a bayan hannunsa, ya samu na likita. Ya sake tambayar na'ura, ta tsaya a kan bakanta.

Ya tsaya a gaban teburin magani, sirinji a hannu ɗaya, na'ura a ɗaya. Ya ce mini a lokacin ji ya yi kamar mutum biyu manya suna gardama a kansa, shi kuma an ce ya raba su. In likita ne ya yi kuskure, ya ba yarinya abin da ya fi ƙarfinta. In na'ura ce, to me ya sa malama ta ce littafin gaba ɗaya yana ciki? Uwar yarinyar tana kallonsa daga bakin gado, shi yana kallon bango.

Takalmin Sista ya taho. "Kai ɗalibi, maganin kake dafawa ne?"

"Sista, ba su daidaita ba."

"Su wa?"

"Likita da ita." Ya miƙa mata na'urar.

Ta riƙe ta nesa da ido, ta juya ta, ta ce ita ba ta ga komai ba sai inuwar fuskarta. Ta lissafa da kanta, ta samu na likita. Amma da yake yarinya ce ƙarama, ta aika aka kira likitan daga ɗakin da ke gaba. Ya zo yana sauri, ya saurara, ya karɓi na'urar da ashanar da Auta ke taɓa ta da ita, ya ɗan latsa nan da can. Sai ya ce, "Ai da laba take awo, ba da kilo ba. Kai ka ba ta kilo, ita ta ɗauka laba ce, shi ya sa ta ga yarinyar ba ta kai rabin nauyinta ba." Ya gyara mata, lissafi ya zo ɗaya, aka ba yarinya magani, ta kuma warke lafiya bayan 'yan kwanaki.

Sista ta kira shi gefe. Ta ce ya ɓata wa likita lokaci, ya bar mara lafiya tana jira, ya tsaya kamar an dasa shi. Ta ce kuma da ya rufe baki ya bi abin da wannan abar ta ce, da yau ya bar asibitin nan. Ta ce ya yi daidai da ya tambaya, kuma kada ya sake. Ta karɓe na'urar ta jefa a aljihun teburinta ta kulle.

"To Yaya," ya ce da ni da yamma, "faɗa ta yi mini ko yabo?"

Na ce ni ma ban sani ba, ya ci abinci.

Bayan kwana kaɗan aka kawo wani sabon magani da babu shi a tsohon littafin ɗakin, wanda rabin shafukansa sun zube. Sista ta buɗe aljihun tebur ta miƙa masa na'urar ba tare da ta kalle shi ba, ta ce, "Duba mana wannan." Ya duba, ya karanta mata. Ta karɓe ta mayar ta kulle. Haka suka yi har ya bar ɗakin. Bai taɓa gane ko an hana shi amfani da ita ba ne ko an wajabta masa, kuma bai sami ƙarfin halin tambaya ba.

A ɗakin maza aka bar masa ita a aljihu, can kuma wata rigimar ta same shi. Wani dattijo mai ciwon ƙirji ya ga yana latsa ta a bakin gadonsa, ya ce, "Ɗana, ɗora mini ita nan ta duba ni." Auta ya ce, "Baba, ba ta duba mutum, littafi ce kawai." Dattijo ya ce littafi ba ya haske, kada a raina masa hankali, ko don ya ga shi ba mai hali ba ne? Auta ya yi bayani, dattijo ya juya fuska bango ya ƙi shan magani. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya ɗora masa ita a ƙirji don a zauna lafiya. Tana sauka kuwa ta fara ƙara, don ya sa ta tuna masa ya karɓo wa Umma tabarau daga wurin gyara. Dattijo ya ce, "Ka ji ko! Ta gano shi." Kafin azahar duk gadajen layin suna kiransa. Sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu gilashin, yana karanta musu maganar tabaran Umma. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ɓoye musu sakamako yake yi.

Duk wannan lokacin, in ban da kwanakin da na'urar ta yi a kulle wurin Sista, Monita ba ta daina tura masa abubuwa ba. Kusan kowane mako sai ta tare shi ta ce an sabunta littafin, ya kawo tasa a ƙara mata. Su zauna a ƙarƙashin bishiyar bayan ɗakin karatu, na'urori goshi da goshi, shi ya ƙame ba motsi ba magana kamar yadda aka koya masa tun farko, ita tana ta hira. In an gama ya duba, bai ga abin da ya ƙaru ba. Abin ya dame shi. Ya yanke cewa tasa ce ke da matsala, ba ta riƙe abin da aka zuba mata. Ya kai ta wurin mai shago.

Mai shago ya bincika ya ce lafiyarta ƙalau, kuma shi bai taɓa jin littafin da ake sabuntawa kowane mako ba, a shekara ma da ƙyar. Ya tambaye shi wa ke tura masa. Da ya ji, ya kwashe da dariya har yana dafa akwatin gilashi, ya ce, "Likita, je ka tambayi yayarka."

Ya zo ya tambaye ni. Na ajiye almakashi na kalle shi, na ce, "Auta, yarinyar nan me take ce maka in kuna zaune?"

"Tambayoyi take yi. Ko ina da yayye nawa, ko Umma tana da faɗa, ko wace unguwa nake son zama in na gama."

"Kai kuma me kake cewa?"

"Ai ba a magana in ana turawa."

Na ce ya tashi ya bar mini shago kafin in yanka wa mutane kaya a karkace.

Abin da ya yi bayan nan, daga bakin Monita na ji shi, don shi ya ƙi faɗa. Ya same ta a layin gaba ana jiran malami, ya tsaya a kanta ya ce, "Mai shago ya ce ba a sabunta littafin nan kowane mako." Duk 'yan ajin suka juyo. Ta ce, "To?" Ya ce, "To me kike tura mini?" Ta ce wallahi a ranar ta so ƙasa ta tsage ta shige, sai dai haushi ya fi kunyar yawa. Ta ce masa, "Babu. Ban taɓa tura maka komai ba tun na farko. Ka je ka tambayi na'urar taka ma'anar haka." Ta yi mako ba ta kula shi. Shi kuma ya yi makon yana zuwa bishiyar shi kaɗai, har ranar da ta zo wucewa ya ce mata ya bar na'urar a gida yau, ko za ta zauna? Bayan sun gama makaranta da shekara guda aka ɗaura musu aure.

Na'urar ta bi shi aiki shekaru. Ta taɓa faɗawa bokitin ruwan wanke ƙasa a ɗakin tiyata, ya shanya ta a kan rufin shagona, ta farfaɗo, sai dai daga ranar in ka taɓa nan sai can ya amsa. Ya koyi taɓa gefen abin da yake so, ya ci gaba da aiki da ita a haka. Daga baya wayoyin shafa suka zo da littafin magunguna a cikinsu, batiri mai kyau ma ya fara wuyar samu, wata rana ta mutu ba ta sake tashi ba. Bai yi wani jimami ba, ya ce dama kwanan nan ba su cika fahimtar juna ba.

Yanzu shi ne mataimakin shugaban ɗakin yara, 'ya'yansa uku, furfura ta fara fito masa a gemu. Iyaye mata suna son sa don ba ya gajiya da tambaya, ɗalibai kuma sun ce shi kaɗai ne in ka ce masa ba ka gane ba yake cewa zauna mu duba tare. Makon jiya ya zo benci da takarda a hannu. Asibitinsu za su daina rubuta bayanan marasa lafiya a fayil, za su koma kwamfuta, an kuma zaɓe shi ya je kwas ya dawo ya koya wa sauran. Wai a taron shugabanni wani ya ce ai Nas Tsinke tun yana ɗalibi ya san kan na'urori, kowa ya amince, ba wanda ya tambaye shi.

Na ce, "To sai ka ce musu ba haka ba ne."

"Na je in faɗa, na tarar har sun yanka mini tikitin mota." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Yaya, don Allah ke ki gaya wa Umma. In ta tambaye ni me zan je koyowa, ban san me zan ce mata ba."

Na ce zan gaya mata, amma sai na gama hannun rigar da ke kan keke. Ya ce zai jira, ya jawo kwandon ƙyallaye ya fara ware mini su kala-kala.